Tsatsar Oksijin da Sinadaran Homon: Sharhi a Kan Rashin Haihuwa ta Ɓangaren Namiji

Daga cikin mas'alolin da ilmin likitanci ya daɗe yana jujjuyawa, kaɗan ne suka kai rashin haihuwa taɓa zukatan bayin Allah, domin ba irin ciwon da ke kwantar da mutum ba ne har dangi su yi sallama su zo dubiya; lalura ce da ma'aurata ke ɗauke da ita a ɓoye shekara da shekaru, suna halartar sunan 'ya'yan wasu da fara'a a fuska alhali abin yana cin su a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa kimanin mutum ɗaya cikin baligai shida yakan gamu da wannan jarrabawa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ba ta sami bambanci mai yawa tsakanin ƙasashe mawadata da matalauta ba. Haddin da likitoci suka yi wa abin shi ne ma'aurata su shekara guda suna saduwa a kai a kai, ba tare da wata dabarar hana ɗaukar ciki ba, ciki kuma bai samu ba. Abin da ya kusa zama ijma'i a tsakanin masana kuwa shi ne, a wajen rabin waɗannan gidaje illar tana da nasaba da namiji, ko dai shi kaɗai, ko kuwa shi da matarsa baki ɗaya.

Duk da haka, abin da aka saba gani a ƙasar Hausa shi ne, matar ake kaiwa asibiti, ita ake yi wa rubutun sha, ita ake jiƙa wa sassaƙe, ita ake kira juya a bayan idonta, daga ƙarshe a yi mata kishiya ko a sallame ta, maigida kuwa babu mai ƙarfin halin ce masa ya je a auna shi. Asalin wannan zalunci, a ganina, jahilci ne fiye da mugunta, domin mutane sun gwamutsa abubuwa biyu da Allah ya raba, wato ikon kusantar iyali da ikon ba da ciki. Na farko zahiri ne, shi ya sa fuƙaha'u suka iya yi masa babi, har suka yanka wa wanda ya gaza wa'adin shekara guda don ya nemi magani. Na biyu kuwa baɗini ne, wanda duniya ba ta san kamanninsa ba sai a shekarar 1677, sa'ad da Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya aika wa majalisar masana ta Landan bayanin wasu ƙananan halittu masu wutsiya da ya gani suna iyo cikin maniyyi, a madubin ƙara girma da ya ƙera da hannunsa. Namiji yana iya zama cikakke ta fuskar kuzari da sha'awa, ya sauke hakkin iyalinsa ba tare da wani naƙasu ba, a duba maniyyinsa kuma a tarar babu ƙwaya ko ɗaya a ciki.

A yau auna maniyyi ya zama fanni mai ƙa'idoji. A bugu na shida na littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanadar wa ɗakunan gwaje-gwaje, wanda ya fito a 2021, an nuna cewa ƙarancin abin da aka saba samu a wajen maza masu haihuwa shi ne ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin ɗari suna motsi, kashi 4 cikin ɗari kuma su kasance da cikakkiyar sura. Amma gane cewa ƙwayoyi sun yi ƙaranci ko sun yi rauni abu ɗaya ne, gane sababinsa kuma wani abu ne dabam, domin a wajen kashi ɗaya cikin uku na mazan da ke da wannan matsala, likita yakan gama bincikensa bai ga wani dalili bayyananne ba. Wannan giɓi ne masana suka yi shekaru suna ƙoƙarin cikewa, kuma mafi ƙarfin bayanin da suka zo da shi shi ne abin da za mu kira tsatsar oksijin.

Iskar oksijin da muke shaƙa, wadda rai ba ya ɗorewa sai da ita, jiki yana amfani da ita wajen ƙona abinci a cikin wasu ƙananan sassa na ƙwayar halitta da ake kira maitokondiriya, don ya fitar da kuzari. Kuma a cikin wannan aiki wani ɗan kaso nata yakan kuɓuce ya rikiɗe zuwa sinadarai masu kaifi, marasa natsuwa, waɗanda ba sa taɓa abu su bar shi yadda yake, kitse ne, ko furotin, ko kuwa DNA da ke ɗauke da gadon halitta. Aikinsu a jikin ƙwayar halitta ɗan'uwan aikin tsatsa ne a jikin ƙarfen da aka bari cikin damina. Sai dai Mahalicci bai bar jiki ba kariya ba, ya sanya masa sinadarai masu dakushe wannan kaifi, wasu jiki ke ƙera su da kansa, kamar katales da gulutatayon da wani inzayim da McCord da Fridovich suka gano aikinsa a Amurka a 1969, wasu kuma daga abinci suke zuwa, kamar bitamin C da bitamin E. Muddin masu ɓarna da masu kariya suna kan mizani guda, lafiya lau. Idan masu ɓarna suka rinjaya, to, an shiga halin da Bajamushen masani Helmut Sies ya raɗa wa suna kuma ya fayyace a 1985, wato abin da muke kira tsatsar oksijin.

Ƙwayar maniyyi tana cikin ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam da wannan rinjaye ya fi yi wa saurin lahani, kuma sababin haka yana cikin halittarta. Domin ta sami sauƙin iyo, takan zubar da mafi yawan ruwan cikinta kafin ta bar maraina, alhali a cikin wannan ruwa ne sinadaran kariya suke zama. Tantanin da ya lulluɓe ta kuma cike yake da wani kitse mai taushi, wanda take bukata don ta iya haɗewa da ƙwan mace, amma shi ne nau'in kitsen da sinadaran oksijin suka fi saurin ci. Da zarar sun kama gefe guda na tantanin, ɓarnar takan ci gaba da kanta daga wannan ƙwayar kitse zuwa waccan, har wutsiya ta sandare, motsi ya mutu. John MacLeod, wanda ya yi aiki a jami'ar Cornell ta Amurka, shi ya fara nuna alamar haka a 1943: ya ajiye maniyyin ɗan Adam cikin oksijin mai yawa, ƙwayoyin suka daina motsi, da ya zuba katales kuwa sai motsin ya ɗore, ya fahimci cewa haidurojin feroksaid ne ke kashe su, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke gyambo da shi. Maganar ta kwanta shekaru masu yawa, sai a 1987 John Aitken da abokin aikinsa Clarkson suka nuna a birnin Edinbara cewa ƙwayoyin maniyyi da kansu suke fitar da waɗannan sinadarai, kuma na mazan da ba sa haihuwa sukan fi fitarwa.

Mafi tayar da hankali shi ne lahanin da ke samun DNA, domin ƙwayar maniyyi ba ta da cikakkun kayan gyaran abin da ya karye a cikinta, sai ta ɗauki karayar ta kai wa ƙwan mace, shi ne zai yi ƙoƙarin gyarawa. Idan ɓarnar ta fi ƙarfinsa, ciki ba zai zauna ba. Bincike da dama ya nuna alaƙa tsakanin yawan karayar DNA a maniyyin miji da yawan ɓarin matarsa. Ina roƙon mai karatu ya tsaya a kan wannan, ya tuna matan da aka yi wa gori da cewa mahaifarsu ba ta riƙe ciki.

Amma kuskure ne babba a ɗauka cewa waɗannan sinadarai sharri ne tsantsa. A 1993 de Lamirande da Gagnon suka nuna a birnin Montiriyal na Kanada cewa ƙwayar maniyyi tana bukatar ɗan kaɗan daga cikinsu kafin ta kammala shirin da take yi a cikin jikin mace, shirin da ke ba ta ƙarfin huda ƙwai. Abin nema ke nan shi ne i'itidali, kuma wannan nuƙuɗa za ta yi mana amfani idan mun zo kan batun magani.

Yanzu sai mu juya ga homon, wato sinadaran da wani sashe na jiki ke zubawa cikin jini don ya isar da umarni ga wani sashe. Ƙera maniyyi yana farawa ne daga ƙwaƙwalwa: wani yanki nata mai suna haifotalamus yana sakin homon na farko kaɗan-kaɗan, lokaci bayan lokaci, wannan ya motsa wata 'yar ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna fitiyutari, ita kuma ta saki homon biyu da ake yi wa laƙabi da LH da FSH. LH yana zuwa ga ƙwayoyin Leydig da ke cikin maraina, waɗanda Bajamushe Franz Leydig ya siffanta a 1850, ya sa su ƙera testostiron, wato homon ɗin maza. FSH kuwa yana zuwa ga ƙwayoyin Sertoli, masu sunan Enrico Sertoli na Italiya da ya gano su a 1865, waɗanda ke rainon ƙwayoyin maniyyi tun suna danye har su nuna, aikin da ke cin kwana 74 ko kusa da haka, ban da kwanakin da za su yi a hanyar fita. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce, ƙwaƙwalwa tana auna testostiron da ke cikin jini a koyaushe: idan ya yi ƙasa ta ƙara umarni, idan ya yi yawa ta janye. Kuma testostiron da ake bukata a cikin maraina ya ninka na cikin jini sau hamsin zuwa ɗari, ba ya kuma taruwa haka sai idan a can aka ƙera shi.

A nan ne mas'alolin biyu suke haɗuwa. Ƙwayar Leydig tana ƙera testostiron ne daga kolestarol, matakin farko kuma a cikin maitokondiriya ake yin sa, wato a daidai wurin da sinadaran oksijin suka fi yawa, har ma inzayim ɗin da ke wannan aiki su kansu suna zubar da irin waɗannan sinadarai. Ke nan ƙwayar tana shan lahani daga sana'arta. An nuna a ɗakin gwaji cewa haidurojin feroksaid yana toshe furotin ɗin da ke shigar da kolestarol cikin maitokondiriya, sai testostiron ya ragu ko da LH na nan da yawa. Wani gwaji mai ban mamaki da Chen da Zirkin suka wallafa a 1999 daga jami'ar Johns Hopkins ya ƙarfafa wannan: sun hutar da ƙwayoyin Leydig na ɓeraye daga ƙera testostiron na tsawon watanni, da aka sake su sai suka yi aiki kamar na ƙuruciya, alhali na tsararrakinsu sun tsufa. Idan testostiron na cikin maraina ya ragu, rainon ƙwayoyin maniyyi yakan gurgunce, a fitar da su ba su gama zubar da ruwan cikinsu ba, kuma irin waɗannan ɗanyun ƙwayoyi su ne suka fi fitar da sinadaran ɓarna, su lahanta kansu su lahanta maƙwabtansu lafiyayyu. Da haka illa ɗaya take ciyar da 'yar'uwarta.

Wajibi ne a nan a bambanta yaƙini da zanni. Lahanin tsatsar oksijin ga ita ƙwayar maniyyin ya tabbata a kan maniyyin ɗan Adam kansa, babu shubuha a ciki. Lahaninta ga homon kuwa, mafi ƙarfin hujjojinsa daga ɓeraye ne da ƙwayoyin da aka raina a kwalba. Abin da aka fi yi a kan mutane shi ne a tara mazan da ba sa haihuwa da masu haihuwa, a auna alamun tsatsa da homon a jininsu a lokaci guda, a ga na farko sun fi alamun tsatsa, sau da yawa kuma FSH ɗinsu ya hau, testostiron ya sauka. Irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare, amma ba ya iya faɗin wanne ya haifi wanne, domin mai yiwuwa ne wata cuta ta uku ce ta jawo su duka biyun. Ra'ayin da na rinjayar shi ne, a mafi yawan lokuta tsatsa hanya ce da wasu cututtuka ke bi su kai ga maraina, don haka tambayar da ta fi amfani ga majiyyaci ita ce daga ina ta taso.

Mafi shahara cikin asbabanta shi ne kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda likitoci ke kira barikosil, ana samun sa a wajen kashi 15 cikin ɗari na maza baki ɗaya, amma a kusan kashi 35 zuwa 40 na waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, kuma galibi a ɓangaren hagu. Jini yakan taru ya ɗumama maraina, alhali an rataye su a waje ne don su fi sauran jiki sanyi da digiri biyu zuwa huɗu. Zafi da ƙarancin gudun jini su tayar da tsatsa, ƙwayoyin maniyyi da na Leydig su sha wahala tare. A 1952 likita Tulloch na Edinbara ya ba da labarin wani mutum da ba shi da ƙwaya ko ɗaya, aka yi masa tiyatar jijiyoyin, ƙwayoyi suka dawo har matarsa ta sami ciki. Tun daga nan gyaran barikosil da hannun likita ke iya ji ya zama ɗaya daga cikin tabbatattun hanyoyin magani, yakan rage karayar DNA, a wasu kuma har testostiron ya ɗaga.

Na biyu shi ne cututtukan mafitsara da al'aura, domin fararen ƙwayoyin jini da ke zuwa yaƙar cuta da waɗannan sinadarai masu kaifi suke yaƙi, kuma abin da suke fitarwa ya ninka na ƙwayoyin maniyyi nesa ba kusa ba. Ciwon sanyin da aka sha masa kafso biyu a kemis aka bari bai warke ba yana cikin wannan babi, haka ma tsargiya, wadda yaranmu ke ɗauka a kududdufai da madatsun ruwa, wadda kuma ƙwayayenta kan zauna a gaɓoɓin da ke haɗa ruwan maniyyi. Ƙiba tana da hanyoyi biyu, domin kitse yana hura kumburi da tsatsa a jiki duka, sa'an nan yana ɗauke da inzayim mai juya testostiron zuwa estarojin, homon ɗin da ya fi yawa a mata, ƙwaƙwalwa kuma ta ga estarojin ya yi yawa ta janye umarninta. Ciwon suga, da cutar sikila da ta yi katutu a Nijeriya, da taba sigari da shisha, da dalma da magungunan feshi, duk an same su da hannu. Sai kuma tiramadol da kodin, waɗanda ba zan wuce su da sauri ba, domin binciken shan ƙwayoyi da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba. Magungunan kuwa suna danne haifotalamus, LH ya ragu, testostiron ya bi shi. Abin takaici, samari da yawa suna shan tiramadol ne da niyyar ƙara daɗewa a shimfiɗa.

Ƙiyasin da hankali ke saurin kaiwa gare shi shi ne, tunda tsatsa ce illar, sai a ba mutum sinadaran kariya a kwalba. A kan wannan ƙiyasi aka gina kasuwa mai faɗi ta ƙwayoyin bitamin da zink da seleniyam. Amma jarrabawa ba ta gaskata shi yadda aka yi fata ba. A 2020 aka wallafa wani babban gwaji daga Amurka a kan ma'aurata 2,370, inda aka ba rabin mazan zink da folik asid wata shida, rabi kuma ƙwayar da babu magani a cikinta: kashi 34 cikin ɗari na rukunin farko suka sami haihuwa, kashi 35 na rukuni na biyu. A shekarar dai wani gwajin mai suna MOXI, a kan maza 174 da aka ba haɗin sinadaran kariya iri-iri, bai ga gyara a maniyyi ko a haihuwa ba. Ƙungiyar Cochrane kuma da ta tattara gwaje-gwaje 90 a 2022 ta ga alamar amfani, amma ta ce hujjar mai rauni ce ƙwarai, kuma da aka cire gwaje-gwajen da ke da tangarɗa a tsarinsu alamar ta gushe. Masu kare waɗannan magunguna suna da amsa mai ma'ana, cewa an ba su ga kowa ba tare da an fara auna wanda ke da tsatsa ba, kuma wanda mizaninsa ke daidai idan aka ɗura masa kariya fiye da kima sai a kashe ɗan abin da ƙwayarsa ke bukata. Na yarda da wannan amsa, amma ita kanta hujja ce a kan mai sayen kwalba a kasuwa ba tare da gwaji ba.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne allurar testostiron. Mutum zai ji an ce homon ɗinsa ya yi ƙasa, ya nemi a yi masa allura, ko ya karɓa daga masu ɗaga ƙarfe, ya ji kuzari ya dawo, ya yi zaton ya kama hanyar haihuwa, alhali ƙwaƙwalwa ta ga jini ya cika ta rufe LH da FSH, maraina sun daina aiki. Wannan ba zato ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta jarraba allurar a matsayin maganin hana haihuwa na maza, ta wallafa a 1990 cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa ita kowane mako maniyyinsu ya wofinta daga ƙwaya ƙaƙaf. Idan an daina, ƙwayoyi sukan dawo, amma bayan watanni, wani har shekara biyu. Shi ya sa ƙungiyoyin likitocin mafitsara da na haihuwa na Amurka suka hana ba da ita ga mai neman zuriyya.

Amfanin auna homon, wanda ake ɗibar jininsa da safe domin a lokacin testostiron ya fi hawa, shi ne ya nuna wa likita inda illar take. Idan LH da FSH da testostiron duk sun yi ƙasa, matsalar daga ƙwaƙwalwa take, kuma wannan nau'i, ko da yake bai yawaita ba, yana cikin waɗanda suka fi karɓar magani, ta hanyar allurar da ke maye gurbin LH da FSH. Idan FSH ya hau sosai, maraina ne suka gaza. Idan kuwa homon duka lafiya amma babu ƙwaya, sai a yi zargin toshewar hanya. Akwai kuma abin da aka haifi mutum da shi a gadon halittarsa, wanda babu bitamin da zai taɓa shi, sai dai a duba hanyoyin dashen ciki, waɗanda malamai da yawa suka halatta muddin tsakanin miji da matarsa ne kuma igiyar aure na nan.

Kirana ga magidanta shi ne, wanda ya shekara da iyalinsa babu rabo, ya je asibiti tare da ita a rana guda, ya ba da maniyyinsa a auna bayan ya ƙaurace mata kwana biyu zuwa bakwai, kuma idan sakamakon bai yi kyau ba a maimaita, domin zazzaɓi mai zafi kaɗai yana iya rage ƙwayoyi har wata uku. Ya bari likita ya duba shi da hannu, ya faɗi gaskiyar abin da yake sha, ya bar taba, ya rage teɓa, ya kammala maganin ciwon sanyi shi da iyalinsa duka, sa'an nan ya yi haƙuri wata uku kafin ya nemi ganin canji. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma gwajin namiji ya fi na mace sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Saboda haka kada a ƙara kai baiwar Allah ɗakin hoto da tiyata alhali ba a auna mijinta ba.